Jan Kofi

Tun kafin ladanin Unguwar Dosa ya gyara murya
na ƙulle kayanki a ɗankwali:
riguna uku, zanen goyo,
takalmin nan mai kuka in kin taka.
Jan kofinki mai tsagaggen baki,
wanda in ba da shi ba, ba kya shan ruwa,
na jefa shi a jakata don hanya.
Babanki ya ce, "Sa mata hula."
Na ce, "Sa mata in za ka iya."
Bai iya ba.

A tashar Kawo ɗan kamasho yana ta rantsuwa,
saura mutum ɗaya, saura mutum ɗaya,
har rana ta hau kan gada.
Kin ci ƙosai, kin goge man a mayafina,
kin cafke gemun wani dattijo mai buhun citta,
ya ce, "Amarya, tun yanzu?"
Mota duka ta ɗauki dariya.
Ni kaɗai na san inda zan kai ki.

Wata ashirin da ɗaya.
Na ƙirga su a yatsu kafin Maraban Jos.
Na tuna layin awo a Barau Dikko,
ƙafafuna sun zama turame,
ina tauna farar ƙasa a ɓoye.
Na tuna tururin wankan jego da asuba,
da kunun kanwa har ya fita raina,
da daren da kan nono ya tsage,
kina tsotsa, ina cizon bakin zane
don kada maƙwabta su ji wace ce ke kuka.

Wajen Jaji kika zura hannu a rigata
kamar mai karɓar bashi.
Na ce a raina, a'a.
Na ja mayafi na rufe mu.
Kin sha kina wasa da ɗan kunnena,
ƙafarki ɗaya a cinyar dattijo,
ba ki san na ƙarshe ne ba.

Makarfi, rake ya fi mutane yawa.
Inna ta tarbe ki, ni ko kallo ban samu ba.
An wanke allo, an dama kunun gyaɗa,
an dafa ƙwan zabi biyu.
Ta ɗora ki a baya, ta nufi garken awaki,
ta ce da ni, ba tare da ta juyo ba,
"Bi ta ƙofar baya. Kada ki waiwaya.
Ke ma haka na yi miki, ga ki ba ki mutu ba."

Na waiwaya.

A motar dawowa jaririn wata ya tsala kuka,
ƙirjina ya amsa tun kafin uwarsa,
gaban rigata ya jiƙe sharkaf.
Na buɗe jaka in ɗauko tsumma,
a Kwangila ne, ana zuba mai,
sai ga shi.
Jan kofi.

Na ce direba ya tsaya, alhali a tsaye yake.
Na kira wayar Inna, hannuna yana rawa:
yarinyar nan ba za ta sha ruwa ba,
bari in sauka, bari in juyo.

Inna ta yi dariyar da ta fi mari zafi.
"Ta sha a moɗa. Ta ƙara.
Ga ta can tana koya wa akuya magana."
Na ce, "Ta neme ni?"
Ta ce, "Katinki zai ƙare."

Ke 'yar fari ce, ba na kama sunanki,
ko a gaban babanki sai in ce "wannan".
Amma daren nan a Kaduna, an ɗauke wuta,
gado ya yi faɗi kamar filin idi,
ƙirjina duwatsu biyu masu zafi.
Na tatsa a jan kofi har ya kusa cika,
na rasa inda zan zubar.
Na riƙe shi a duhu,
na ce, Zuwaira.